Malam Tukuna da Kariyar Har Abada

Ba sunansa na yanka ba ne, amma a ofis kowa Malam Tukuna yake ce masa, har mai gadi da mai shara. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk abin da aka ɗauko za a jefar, ko wayar wuta ce da ɓera ya ci, ko madannin kwamfuta da rabin haruffansa suka zube, sai ka ji muryarsa daga bayan ƙofa: "Bari tukuna." Ba ya ɗaga murya. A hankali yake faɗa yana miƙo hannu biyu, kamar wanda za a ba jariri.

Halin ba a wurin aiki ya same shi ba. Yayarsa, wadda ta goya shi, takan ce tun yana ɗan firamare idan aka saya masa takalmi sai ya adana shi a kwali ya ci gaba da jan tsohon, ranar da zai yarda ya saka sabon kuma ƙafa ta riga ta wuce shi. Da ya girma ya yi aure, matarsa ta tarar ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunan gidan yana da masu shi: fanka marar fiffike, rediyo da ba ya magana, agogunan bango da kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Ta yi faɗa a shekarar farko, ta yi lallashi a ta biyu, daga nan ta koyi wucewa ta ƙofar ɗakin ba tare da ta waiwaya ba.

Aikinsa a wani kamfanin zanen gine-gine yake. Shi ba ya zane. Shi ne mai kula da kwamfutoci, kuma mazauninsa wani ɗan ɗaki ne marar taga a ƙarshen baranda, mai sanyi kamar cikin firij, inda babbar kwamfutar ofis, wadda masu sana'ar ke kira sabar, take gurnani ba dare ba rana. Duk zanen da aka yi a kamfanin a cikinta yake kwana. Saboda na'ura ba ta da alƙawari, akwai wata manhaja da kullum bayan an tashi aiki take kwafe komai ta zuba a kan kaset, ajiyar ko-ta-kwana, don idan sabar ta mutu a samu inda za a dafa. Da safe Malam Tukuna zai saka rigar sanyinsa, ya duba allo. Idan ya ga kore, jiya an kwafa lafiya. Sai ya ciro kaset ɗin da ya cika, ya rubuta masa kwanan wata da kyakkyawan rubutu, ya jera shi a kabad.

A cikin manhajar akwai wani saiti da ke tambaya: tsawon wane lokaci za a kare kaset kafin a yarda a rubuta sabon abu a kansa? Amfanin kariyar shi ne kada manhaja ta danne kwafin jiya da na yau tun ba a gama buƙatarsa ba. Yawancin masu irin aikinsa wata guda suke sawa, masu tsoro su sa shekara. Ranar da Malam Tukuna ya fara buɗe wurin, ya gangara ƙasan jerin zaɓin, ya ga an rubuta "har abada". Ya ji kamar an daɗe da saninsa a kamfanin da ya yi manhajar. Ya danna, ya rufe, bai sake komawa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya lau, domin tsohon manaja mutum ne da ke sa hannu ba ya karantawa. Kaset ya cika, a sayo wani. Kabad ya cika, aka kawo na biyu. Na biyu ya cika, kwalaye suka fara taruwa a ƙarƙashin tebur, har Malam Tukuna ya koma zama a karkace don ƙafafunsa su samu wuri.

Sai aka kawo sabon manaja, mai karanta duk abin da aka ajiye masa. A makonsa na farko ya leƙo ɗakin sanyi, ya dubi kabad, ya dubi kwalaye.

"Malam, kaset ɗin nan cinye su ake yi?"

"A'a, Yallaɓai, ajiye su ake yi."

"Na ji an ce ana iya sake rubutu a kansu."

"Ana iyawa, Yallaɓai."

"To, a iya." Ya ja ƙofa ya fita, kuma daga ranar ba a sake sayo ko ɗaya ba.

Fankon da suka rage suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya Malam Tukuna ya duba allo, ya ga ja a inda ya saba ganin kore, da saƙo a ƙasa: aikin kwafi yana jira, babu kaset ɗin da za a iya rubutu a kansa.

A nan ne ya nuna shi ƙwararre ne. Ya kashe na'urar kaset ya kunna. Ya saka mata kaset ɗin wanki ya wanke kanta. Ya zargi wayar da ke haɗa ta da sabar, ya tono wata daga kwalayensa ya canza, yana jin daɗin cewa ajiya ta yi rana. Ya sabunta manhajar. Ya sa ta sake ƙirga kaset ɗin da ke cikin na'urar, ta ƙirga, ta ce masa duk suna nan, duk lafiyarsu ƙalau, duk kuma a kare suke. Ya duba komai a ɗakin nan, har na'urar sanyaya ɗaki sai da ya sa aka wanke, in ban da wuri ɗaya. Ba wai bai san wurin ba ne. Mutum yakan san haƙorin da ke masa ciwo, ya yi ta tauna ta ɗaya gefen.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kira masu manhajar. Wata mata ce ta ɗauka, mai murya irin ta wadda ta amsa tambaya ɗaya tun safe. Ya zayyana mata duk abin da ya yi, dalla-dalla. Ta bar shi ya gama.

"Ranka ya daɗe, wa'adin kariya nawa ka sa?"

"Har abada," ya ce, har da ɗan gyara zama.

Sai ta ce, "Duka kaset ɗin?"

"Duka."

"To ai manhajar ba ta da laifi. Ka ce mata kada ta taɓa ko ɗaya, ba ta taɓa ba. Ka ce mata ta rubuta, tana jiran ka ba ta inda za ta rubuta. Biyayya ce take yi maka."

"Ba wata hanya?"

"Hanya biyu ce. Ka sayo sababbi, ko ka rage wa'adin ka saki tsofaffin."

Ya yi mata godiya ba don ransa ya so ba. Ya buɗe sabon rukuni a manhajar, ya sa masa wa'adin wata guda. Washegari ja ya sake gani. Ashe sabon wa'adin bai shafi tsofaffin kaset ba. Suna nan a tsohon rukuninsu da kariyarsu, sai in shi da hannunsa ya ɗauko ɗaya ya ce wannan fanko ne, a rubuta a kansa. Manhajar ma sai ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata.

Ya buɗe kabad na farko, ya zaro mafi tsufa. Zanen wani gidan mai ne da ba a taɓa ginawa ba. Ya riƙe shi, ya ce a ransa, idan mai filin ya dawo fa? Ya mayar. Ya zaro wani: otal ne da mai shi ya rasu tun kafin a haƙa tushe. To magada fa? Ya mayar. Na uku gidan wasu ma'aurata ne da suka yi ta canza wurin kicin har aurensu ya mutu. Wannan kam ya daɗe a hannunsa. Amma mutane suna shiryawa, ya gani da idonsa. Ya mayar, ya rufe kabad, ya tafi cin abincin rana.

Haka makonni suka shige. Tsofaffin zane na kwance cikin aminci, aikin yau da na jiya kuwa ba su da kwafi ko ɗaya a duniya. Idan manaja ya gamu da shi a baranda ya ce, "Malam, ajiyarmu lafiya?" sai ya amsa, "Babu abin da ya ɓace, Yallaɓai." Kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai abinci ya daina yi masa daɗi, kuma duk sanda sabar ta canza gurnani sai ya miƙe ya kasa kunne a jikinta.

Wata Asabar da hantsi ya hau kujera a gida don ya ɗora kwalin tsofaffin cajojin waya a saman kabad ɗin kaya. Kujerar ita ma ajiya ce, ƙafarta ɗaya da igiya aka ɗaure. Matarsa tana kicin ta ji ƙara. Ta same shi a ƙasa, cajoji sun rufe shi kamar wanda ya faɗa cikin raga, ƙafarsa ta dama tana kallon inda bai kamata ba. A asibiti aka ɗaura masa filasta, likita ya ce ya manta da hawa benen ofis sai yadda hali ya yi.

Kamfani ba ya jiran ƙashi ya haɗe. Aka ɗauko wata injiniya daga waje ta riƙe masa wuri. Ranar da ta fara aiki, kafin azahar, wayarsa ta yi ƙara a gefen gado.

"Malam, sannu da jiki. Ni ce aka kawo ɗakinka. Na ga kwafi ya daɗe bai gudana ba."

"E, akwai 'yar matsala da nake bibiya."

"Na gan ta. Kariya ce aka sa har abada. Wa ya sa?"

Ya dubi silin. "Tun farko haka take."

"To na gyara. Na tambayi manaja abin da doka da kwangila suka ce a riƙe, na ware waɗannan a kabad ɗaya. Sauran na sake su, sun koma fanko. Kwafin kullum na sa masa kariyar wata guda, na ƙarshen wata kuma kariyar shekara guda."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta tuna masa da kanta. "Injiniya, bari tukuna."

"Ai na riga na yi, Malam. Yanzu haka ma kwafi na gudana, ban jira yamma ba. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ajiye wayar a ƙirjinsa. Matarsa ta shigo da ruwa ta ga fuskarsa.

"Baban yara, ƙafar ce?"

"Gidan mai ne," ya ce. "Da otal."

Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

A cikin kwanakin jinyar Yaya ta zo dubiya. Ta zauna, ta yi masa sannu, ta yi masa faɗan da ta saba yi tun yana yaro, sannan ta ɗaura ɗankwali da kyau ta ce wa matarsa, "Ƙanwata, yanzu ne lokaci. Ga shi a kwance ba ya iya tashi. Kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, yau mu share ɗakin can."

Malam Tukuna ya rufe ido ya jira. Abin da ya ji bai taɓa zato ba.

"A'a, Yaya, a bar masa."

"Ke da kike kuka da ɗakin nan tun kina amarya?"

"Ina kuka da shi, amma a gabansa nake yi. Ranar da za a fitar da kayan, da ƙafarsa zai tsaya yana kallo, ni kuma in zauna a kujera in ji daɗina. Ban yi haƙurin shekarun nan don a yi abin yana kwance ba."

Yaya ta ce su biyun duk sun dace da juna. Shi kuwa har yau bai yanke ba ko kare shi matar ta yi ko alƙawari ta yi masa.

Ya koma aiki da sanda. Injiniya ta gama nata ta tafi, ta bar masa ɗaki da ƙafa za ta iya miƙewa a ƙarƙashin tebur, da allo kore shar. Ya zauna yana jiran ranar da wani zai shigo a guje yana neman tsohon zane, don a san wanda ya yi gaskiya. Bai so kamfani ya yi asara ba, Allah ya sani. Asara kaɗan dai, wadda za a iya jurewa, wadda za ta sa manaja ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ma.

Ba wanda ya zo. Mai filin gidan mai bai dawo ba. Magadan otal ba su leƙo ba. Sau ɗaya wani mai zane ya turo ƙofa ya ce, "Malam Tukuna, don Allah wani tsohon abu nake nema." Malam Tukuna har ya kai hannu ga sanda zai miƙe. Mutumin ya ce, "Tsohon kwali, babba. Tashi za mu yi daga gidan haya."

Bala'in da ya zo ta wata ƙofar ya shigo. Wata Talata da safe, ana saura kwana kaɗan a miƙa zanen wata babbar makaranta da ofis ya shafe watanni a kansa, sabar ta yi wani tari, ta yi ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, ta yi shiru. Masu zane suka fito daga ɗakunansu suka cika baranda. Wata ta dafe kai, wani yana ta danna wayarsa ba tare da ya san wa yake kira ba. Manaja ya ratso su, ya tsaya a ƙofar ɗakin sanyi, gumi na keto masa duk da sanyin.

"Malam, gaya mini gaskiya. Muna da shi?"

Malam Tukuna ya dubi kaset ɗin jiya. Tsohon kaset ne, an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, amma ta gefe ana hango rubutunsa na da. Na ma'auratan nan ne masu kicin.

"Muna da shi, Yallaɓai."

Aka kawo wa sabar sabon faifan ajiya aka saka. Ya zauna ya bi matakan dawo da ajiya a tsanake, domin aikinsa ya iya shi, wannan ba a taɓa musu ba. Kafin a tashi, makarantar ta dawo da azuzuwanta da matakalanta, har da layin da wani ya ja ana gab da tashi jiya. Baranda ta kaure da sowa. Wadda ta dafe kai ɗazu ta ce ita dai tun da ta san Malam ba banza yake tara kaya ba.

A taron ƙarshen wata manaja ya sa shi ya miƙe. Ya ce a zamanin da kowa ke gaggawa, kamfanin ya yi sa'ar mutum mai hangen nesa. Aka miƙa masa wani allon katako mai sheƙi da aka zana godiya a kai. Malam Tukuna ya gyara murya ya ce, "Yallaɓai, a gaskiya injiniyar da ta riƙe mini wuri ce ta..."

"Kun gani?" manaja ya ce wa jama'a. "Ga aiki, ga tawali'u." Aka sake tafi, ya fi na farko.

Ya kira injiniyar da yamma ya gaya mata. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ya riƙe allon, ita ba ta da bangon rataye shi. Amma tana da roƙo: ƙungiyar masu irin aikinsu za ta yi taron bita ga sababbin shiga, ana neman wanda ajiya ta taɓa ceto a zahiri ya yi musu bayani. Ya so ya ƙi. Ta ce ai ta riga ta ba da sunansa.

Ranar taron ya saka rigarsa mai kyau, ya tsaya a gaban ɗaki cike da matasa. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya yi musu bayanin wa'adin kariya tiryan-tiryan: idan ya yi gajere za ka danne abin da kake buƙata, idan ya yi tsawo manhaja za ta tsaya tana jiranka alhali kana zaton tana aiki. Ya ce su duba saitin kafin su zargi waya. Ya ce canza wa'adi ba ya sakin tsofaffin kaset, sai ka sake su da hannunka. Ya faɗi wannan da nauyin murya irin na wanda ya sani, matasan kuwa suna ta rubutawa.

Da aka zo tambayoyi, wata budurwa a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, na ga akwai zaɓin har abada a jerin. Da gaske akwai masu danna shi?"

Injiniya tana zaune a can baya, ta sunkuyar da kai tana gyara jakarta. Malam Tukuna ya ɗauki kofin ruwan da ke gabansa, ya sha, ya ajiye a hankali.

"Akwai su, 'yata," ya ce. "Kuma ba mugaye ba ne. Idan kin gamu da ɗaya, ki yi masa magana da sauƙi."